Mu Daina Ƙirga Ajujuwa, Mu Ƙirga Yaran Da Suka Iya Lissafi

Jama'a, duk sanda maganar ilimi ta taso a dandalin nan, abu ɗaya muke yi: kowa ya ɗauko hoton sabon gini ya liƙa. Mu mu ce namu ya gina ajujuwa kaza, 'yan ɗaya ɓangaren su ce nasu ya yi wa makarantu kaza fenti, a yi ta ja-in-ja har dare ya raba. Ni ban raina gini ba. Yaron da ke zaune a ƙasa, ruwa na zuba masa ta ɓulin kwano, ba zai ji karatu ba. Amma yau ina so mu leƙa ta taga mu ga abin da ke gudana a cikin ajin, musamman lokacin darasin lissafi, domin a nan ne ake yi mana asarar 'ya'ya muna waje muna tafi.

A 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF sun gudanar da binciken da ake kira MICS. Gida-gida aka bi, aka gwada yara masu shekara 7 zuwa 14. Ba wani lissafi mai wuya aka ba su ba: karanta lamba, faɗin wadda ta fi girma tsakanin lambobi biyu, tarawa mai sauƙi, da cike gurbin lambar da ta ɓace a jeri. Aikin aji biyu ko uku na firamare kenan. A duk faɗin Najeriya, kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai ya tsallake. Sauran ukun fa? Da yawansu suna zuwa makaranta, suna sa yunifom, ana ciyar da su gaba aji zuwa aji. Sai ranar da suka zauna jarrabawar WAEC ko NECO asiri ya tonu. Ba kiredit a lissafi, ba likitanci, ba injiniya, ba aikin jinya, ba akanta. Daga nan uba ya fara neman makarantar da ake rubuta wa yara amsa a allo. Satar amsar da muke kuka da ita a sakandare, a aji biyu na firamare aka shuka ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan ba ciwon da aka rasa maganinsa ba ne. An shafe shekaru da dama ana bincike a kan yadda yara ke koyon lissafi, kuma mafi amfanin binciken a wuraren da suka yi kama da namu aka yi shi: unguwannin talakawa a Barazil, ƙauyukan Indiya da Kenya, har da nan gida Najeriya. Bari in kawo muku abubuwa huɗu da aka gano, sannan mu yi maganar abin da ya rage gare mu.

Na farko: yaranmu ba daƙiƙai ba ne.

A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes, David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Barazil. Sun je wajen yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a bakin titi, suka yi ciniki da su kamar kowane mai saye. A bakin tebur, yaran sun ba da amsa daidai a kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin da aka jefa musu. Daga baya aka zaunar da su, aka ba su takarda da fensir, aka rubuta musu lambobin nan dai irin yadda ake rubutawa a makaranta. Sai abin ya faɗo zuwa kusan kashi 37. Akwai wani ɗan shekara 12 a cikinsu da ke sayar da kwakwa ɗaya a kan 35 na kuɗin ƙasarsu. Da aka ce a ba da huɗu, a kansa ya haɗa ya ce 140. Da aka rubuta masa 35 sau 4 a takarda, ya bi dokar da aka koya masa ta "ajiye biyu", ya rikita ta, ya rubuta 200. Kuma bai ji komai ba, domin a wurinsa lambar takarda ba kuɗi ba ce, ba kwakwa ba ce, wani zane ne kawai da malam ke so.

Shekara arba'in bayan haka, a 2025, mujallar Nature ta buga wani bincike na Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya. Sakamakon bai sauya ba, sai ma ƙari da aka samu: yaran kasuwa sun iya lissafin ciniki amma sun sha wuya a na takarda, su kuma yaran makaranta da ba su taɓa zama kasuwa ba sun iya na takarda amma suka daburce da aka ba su lissafin ciniki.

To, wa zai ce bai san wannan yarinyar ba? Mai tallan gyaɗa ko awara, wadda za ka miƙa mata dubu ɗaya ka sayi na ɗari uku da hamsin, kafin ka rufe baki ta miƙo maka ɗari shida da hamsin. Ita ce dai za a rubuta wa 1000 a sama, 350 a ƙasa, a ja layi, ta yi zuru, a ce ba ta ja. Lissafin yana kanta. Makaranta ce ta kasa ƙulla igiya tsakanin abin da ta sani da abin da ke kan allo. Ku duba ma yadda muke ƙirga. Bahaushe kan ce "ashirin ba ɗaya", ko "ɗari biyu ba goma". Wannan dabarar ta cika lamba sannan a rage, ita ce ake koya wa yara a ƙasashen waje a matsayin hikimar lissafin ka, mu kuwa a bakin kakanninmu muka tsince ta. Masu cewa lissafi ba namu ba ne su tuna da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Su kuma tuna cewa a zaurukanmu an daɗe ana raba gado da sulusi da sudusi da sumuni tun kafin a kafa makarantar boko ta farko.

Na biyu: harshe.

Ku tsaya bayan tagar aji ɗaya ko aji biyu ku saurara. Za ku ji yara suna rera "tu tayims tu, fo" da ƙarfinsu kamar waƙa. Tsayar da ɗaya ka ce masa: kaji biyu, ƙafa nawa? Zai ce huɗu. Ka ce masa to abin da kake rerawa kenan, sai ya kalle ka da mamaki. An ɗora wa yaro ɗan shekara shida kaya biyu a lokaci guda: ya koyi sabon tunani, kuma ya koye shi a harshen da ba ya ji. Idan ya kasa, ba mu ma san wanne ne ya kayar da shi ba.

Wannan ma an gwada shi a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya fara wani gwaji a Ile-Ife. An koyar da wasu yara duk darussa, har da lissafi da kimiyya, da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Da aka gwama su da takwarorinsu da aka juya wa karatu zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza ba, a darussa da dama ma sun yi gaba, kuma Turancinsu bai lalace ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi shekara shida. A Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Da girmamawa nake cewa, wannan hujjar ba ta zauna ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai wuce aji huɗu ba a 2025, ina ya ga WAEC? Sannan ku tambayi kowane malamin firamare da kuka sani: littafin lissafi na Hausa nawa aka taɓa kawo masa? Horo nawa aka ba shi kan yadda zai bayyana gidan gomomi da gidan ɗaruruwa da Hausa? Maganin da aka rubuta a takarda ba a ba mara lafiya ya sha ba, ba a cewa bai yi aiki ba.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa: "Malam, jarrabawa da Turanci ake yi, kana so a bar 'ya'yanmu a baya." Tsoron nan gaskiya ne, kuma ni ma ina so ɗan talaka ya ji Turanci ya goga da kowa. Amma wanda ya gane me ake nufi da rabawa, koya masa sunanta da Turanci aikin rana ɗaya ne. Wanda kuwa ya haddace sunan bai gane abin ba, ko shekara goma ya yi yana rerawa, ranar jarrabawa hannu zai miƙa a ba shi amsa.

Na uku: manhaja tana gudu, yara suna baya.

A tsakiyar shekarun 1990 Michael Kremer da Paul Glewwe da Sylvie Moulin suka bi diddigin rabon littattafan karatu a makarantun yammacin Kenya. Kowa ya ɗauka sakamako zai tashi. Bai tashi ba, sai ga 'yan tsirarun da dama su ne kan gaba a aji. Dalili? Littattafan da Turanci aka rubuta su, kuma an rubuta su ne don yaron da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da manhaja. Yawancin yaran ba sa iya karanta su. Ku riƙe wannan a ranku duk ranar da kuka ga hoton tirela cike da littattafai ana yanka ƙyalle.

Haka abin yake a lissafi, har ma ya fi muni, domin lissafi kamar ginin tubali ne. Wanda bai san cewa 3 da ke cikin 35 talatin ce ba, ba zai gane aro a ɗebewa ba. Wanda bai gane ninkawa ba, rabawa ta fi ƙarfinsa. Amma malamin aji biyar dole ya koyar da aikin aji biyar, domin shi jami'in sa ido zai duba a littafin tsara darasi. Sai ya koyar da yara biyar na layin gaba, saura tamanin suna kwafa.

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta ɗauki wata hanya. A farkon shekarun 2000, a biranen Vadodara da Mumbai, ta ɗauko 'yan mata daga unguwa waɗanda suka gama sakandare, ta ba su horon mako biyu, suka riƙa ware yaran aji uku da huɗu da aka bari a baya suna koya musu tushe awa biyu a rana. Banerjee da Duflo da abokansu suka auna, suka tarar yaran sun ci gaba sosai, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi amfana. Kuɗin da aka kashe bai kai dala uku ba a kan kowane yaro a shekara. Daga nan tsarin ya girma ya zama abin da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. Yadda yake aiki ba boyayye ba ne: a gwada kowane yaro baki da baki na 'yan mintuna, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a ware lokaci kullum a koya musu da tsinke da ɗauri, tsinke goma ɗauri ɗaya, har su ga gomomi da idonsu su taɓa da hannunsu, sannan a sake gwadawa, wanda ya iya ya matsa rukunin gaba. Irin waɗannan gwaje-gwajen na cikin aikin da ya sa aka ba Banerjee da Duflo da Kremer kyautar Nobel a 2019.

Kuma kada wani ya ce abin Indiya ne. Zambiya ta ɗauke shi tun 2016. An gwada shi a Borno. A Kano ma an yi gwajinsa daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, a shirin KaLMA, ga yaran aji huɗu zuwa shida. Ma'ana akwai malamai da jami'ai a Arewa da suka riga suka san aikin. Matsalarmu ita ce irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin masu ba da tallafi suke zuwa, ranar da tallafi ya ƙare sai a naɗe tabarma.

Na huɗu: malami.

A 1999 wata mai bincike, Liping Ma, ta fitar da littafi inda ta gwama malaman firamare 23 na Amurka da 72 na Sin. Cikin tambayoyinta akwai wannan: ɗaya da uku bisa huɗu, a raba da rabi, nawa ne? Sannan a ƙirƙiro labarin da ya dace da lissafin. Duk malaman Sin sun samo amsar, uku da rabi, kuma mafi yawansu sun kawo labari mai ma'ana. A malaman Amurka, waɗanda suka fi su yawan shekarun karatu, ƙasa da rabi ne suka samo amsar, kuma mutum ɗaya tak ya kawo labarin da ma'anarsa ta dace. Yawancinsu sun rikita rabawa da rabi da raba abu gida biyu. Ku gwada da kanku kafin ku ci gaba. Ga nawa labarin: kina da gero mudu ɗaya da kashi uku cikin huɗu na mudu, kullum kina dama kunu da rabin mudu, damu nawa zai yi miki? Uku da rabi. Malamin da zai iya kawo irin wannan misalin nan take, shi ne zai iya gane inda yaro ya ɓata. Wanda doka kawai ya haddace, "juya ta biyu ka ninka", idan yaro ya ce don me, sai bulala.

Darasin a nan shi ne takardar shaida daban, fahimta daban. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda aka gwada malamai kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100, aka sallame su. Har yau ana gardama a kan matakin, kuma ba gardamar na zo tayarwa ba. Tambayata ita ce: wace kwaleji ce ta ba su takardar NCE? Wa ya ɗauke su aiki, kuma da wasiƙar wa? Idan ba a gyara rijiya ba, ko sau nawa aka zubar da tulu, ruwan da za a ɗebo shi ne dai.

Binciken da aka yi a Kenya a shirin PRIMR, tsakanin 2011 da 2014, ya nuna abin da ke ɗaga malami. Horo da shawarar ƙwararre su kaɗai ba su yi wani tasiri ba. Sai da aka haɗa horo da littafi a hannun kowane yaro, da jagorar malami mai darasi-darasi a tsare, da wani ƙwararre da ke zuwa aji yana kallon darasi yana ba da shawara, sannan sakamako ya motsa. A Japan kuwa, kamar yadda James Stigler da James Hiebert suka bayyana a 1999, malamai kan zauna su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, saura su zauna a baya suna lura da yadda yara ke tunani, sannan su dawo su gyara. Ku gwama wannan da bitar kwana uku a otal, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi alawus, kowa ya koma yadda yake.

To, 'yan uwa, me ya rage gare mu?

Mu ne muke yawo lungu-lungu lokacin kamfe. Mu ne muke kare 'yan takararmu a intanet dare da rana. Wanda ya yi wannan wahalar yana da bakin da zai yi tambaya. Ni dai ga abin da nake so mu sa a gaban duk wanda zai nemi kujerar gwamna, ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma a ƙarƙashin tutarmu.

Ya yi alƙawarin cewa kowace shekara za a gwada yaran aji uku a karatu da lissafi, a buga sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ya sa awa ɗaya ta koyarwa daidai da matakin yaro a jadawalin aji huɗu zuwa shida, da kuɗinta a kasafin jiha, ba a aljihun baƙi ba. Ya buga jagorar malami da littafin aikin yaro na lissafi da harshen da yaran yankin ke ji, Hausa ne, Fulatanci ne, Kanuri ne ko wani, tare da kalmomin Turanci a gefe don yaro ya saba da su. Ya mayar da jami'an sa ido masu taimakon malami a cikin aji, ya ba su babur da man zuwa ƙauye. Ya biya kason jiha a kan lokaci don a karɓo kuɗin UBEC, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, maimakon a bar shi jibge a Abuja. Sannan ya cire hannun 'yan siyasa, har da namu, daga ɗaukar malamai. Wannan na ƙarshen shi ya fi ɗaci, na sani, domin kowannenmu yana da ƙani ko ɗan ƙanwa da ke jiran a saka sunansa. Amma duk wanda muka cusa aji bai iya rabawa ba, yara tamanin muka yanka wa hukunci a kowace shekara har ya yi ritaya.

Wani zai ce wannan ba ya kawo ƙuri'a, gini ake gani. Haka ne, ba a yanka ƙyalle a kan yaron da ya gane aro a ɗebewa. Amma uwar da ta ga 'yarta ta ɗauki fensir ta lissafa mata ribar ƙuli-ƙuli ba ta bukatar allon sanarwa kafin ta san an yi aiki. Kuma tsinken tsintsiya da marfin kwalba da ƙwallon dabino ba kwangila ake bayarwa a kawo su ba, wataƙila ma shi ya sa ba a damu da su ba.

Kafin zaɓe ya zo, ga aikin da kowa zai iya yi yau da daddare. Kira yaron gidanku da ke aji huɗu ko biyar. Rubuta masa 52 a sama, 17 a ƙasa, ka ce ya ɗebe. Idan ya rubuta 45, kada ka daka masa tsawa: ya cire ƙaramar lamba daga babba ne a kowane gida, kuskuren da masu bincike suka daɗe da sani, kuma alama ce cewa ba a taɓa nuna masa ma'anar gomomi ba. Sai ka ce masa yana da naira 52 ya kashe 17, ka ji me zai ce. Abin da kuka samu ku rubuto mana a ƙasa, da sunan ƙaramar hukumarku, ban da sunan yaro. Idan muka tara, muna da abin da za mu ajiye a kan teburin shugabanninmu wanda ya fi hoton fenti nauyi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.